Kuɗin Ruwan Garinmu a Cikin Wayata

Shekarun baya, lokacin da jine, kuɗinmu na Sudan, ya fara lalacewa a hannun mutane, ni ne sakataren lajnar garinmu, wato kwamitin gari. Na daɗe ban ba da wannan labari ba, don ba labarin da nake fitowa da kyau a cikinsa ba ne. Amma kwanakin nan na ga kuna ta muhawara a nan kan ko ya dace ƙaramar hukuma ta riƙa juya kuɗin jama'a, har wasu na cewa a zuba su a kirifto. Na karanta na masu goyon baya, na karanta na masu zagi, sai na ga duka biyun suna magana ne a kan abin da ba su taɓa riƙewa a hannu ba. Ni na riƙe. Bari in gaya muku yadda aka yi.

Garinmu yana kudu da Mai Wurno, amma ba a bakin kogi muke ba. In za ka je kogi a ƙafa sai ka yi fiye da awa ɗaya. Abin da ke kusa da mu ita ce tur'a, wato babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki, wadda ta bi ta bayan gari. Ruwanta na dawa da auduga ne, ba na ciki ba. Ruwan shanmu daga rijiyar burtsatse yake fitowa, famfo ya tura shi sama cikin tanki, mata su zo su tara. Rayuwar garin gaba ɗaya a kan wannan famfo ɗaya take.

Mu bakwai ne a lajnar. Mahaliyya, wato ƙaramar hukumarmu, ta bar mana kuɗin da ake biya na ruwa da wani kaso na harajin kasuwa, mu riƙa kula da rijiyar. Ni malamin lissafi ne a makarantar gari, shi ya sa aka ba ni biro da littafi. Ma'ajinmu wani dattijo ne manomi, abokin mahaifina marigayi, mutum mai ƙarancin magana wanda yake ƙirga kuɗi sau biyu ko da shi ya ba kansa. Akwai liman, akwai unguwarzomar gari, ita kaɗai ce mace a cikinmu, sai wasu mutum uku.

Burinmu ɗaya ne: mu sayi sola mu huta da neman man dizal na tayar da famfon. Mun fi shekara muna tarawa. Matsalar ita ce, duk lokacin da muka hau mota muka je birnin Sinnar tambayar farashi, sai mu tarar ya ƙara nisa. Farkon zuwanmu abin da muka tara ya kai rabin kuɗin solar. Muka dawo muka ƙara tarawa wata uku, muka koma, sai ga shi bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Na tuna ranar, a cikin mota muna dawowa, ma'aji ya rungume jakar kuɗin a cinyarsa, ya dube ni ya ce, "Ustaz, kai ka san lissahi. Ta ƙara nauyi, ta rage ƙarhi. Wannan wane irin lissahi na?"

A raina ina da amsar. Ina da aboki da ke aiki a Saudiyya, tare muka yi karatu. Shi ya koya mini kirifto. Ya nuna mini cewa ban da irin wanda yake hawa da sauka kamar zazzaɓi, akwai wani iri da aka ɗaure shi da dala, kullum farashinsa yana tafiya da nata. Na gwada da ɗan abin da nake ragewa daga albashina, na ga ya tsaya inda na ajiye shi, alhali jine yana ta gangarowa. Daga nan sai na fara jin kaina wani irin mutum. In na wuce dattawa suna kukan tsadar sukari, sai in ji tausayinsu irin tausayin da mai gani yake yi wa makaho. Allah Ya yafe mini, haka nake ji a lokacin.

Na kai maganar zaman lajna wata ranar Asabar bayan la'asar, a ajin da nake koyarwa. Har allo na yi amfani da shi. Na zana layi mai gangarowa na ce wannan jine ne, na zana miƙaƙƙe na ce wannan abin da nake kawo muku ne. Na ce in muka bar kuɗin a akwati, har abada ba za mu kamo solar ba. In muka kai banki, can ma narkewa za su yi, kuma ranar da muke so ba lalle su ba mu ba. In muka sayi dala a bayan fage, ko a kama mu ko a ba mu jabu.

Ma'aji ya ce a sayi dawa a ajiye, in ta yi tsada a sayar. Liman ya ce bai yarda lajna ta ɓoye abinci tana jiran talaka ya ji yunwa ba, kuma gaskiyarsa. Daga nan ya juyo kaina ya tambaye ni ko abin nan nawa ba caca ba ne. Na yi masa bayani mai tsawo, ya ce shi dai bai gane ba, amma tunda ba riba nake nema ba, tsare dukiya nake nema, ba zai hana ba.

Sai unguwarzoma ta ce, "Ni tambayata guda ce, Ustaz. In anka wayi gari abin ya ɓace, rigar wa za ni kamawa?"

Na yi dariya na ce, "Tawa, Hajja."

Ta ce, "Rigarka ba ta kai kuɗɗin ba."

Kowa ya yi dariya har da ni. Aka ɗaga hannu, huɗu suka bi ni har da kaina, uku suka ƙi: ma'aji, da unguwarzoma, da wani mai kanti. Ma'aji bai yi gardama ba. Ya ce tunda an rinjaye shi ya bi, amma a bar masa rabi a akwati saboda ba a san abin da gobe za ta kawo ba. Nan ma na koma kan allo, na nuna musu nawa rabin nan zai rasa a wata uku. Muka yi ta ja har aka bar masa ɗan abin da zai sayi mai da ƙananan gyare-gyare. Sauran duka aka ba ni.

Kafin mu tashi, mai kantin ya ce, "To, za a sanar da mutane ranar Juma'a?"

Ni ne na ce a'a. Na ce mutanenmu ba za su gane ba, surutu kawai za a jawo, wani ya ce an kai kuɗi wurin aljanu. Na ce a bari sai mun kawo solar, sa'annan a yi musu bayani suna shan ruwan. Babu wanda ya musa. Ina jin kowa ya gaji ne, magariba ta kusa.

Wata huɗu na yi ina tafiya kamar ƙasa ba ta isa ta ɗauke ni ba. Jine ya ci gaba da faɗuwa, abin da ke wayata kuwa yana nan daram. Duk zaman lajna sai in buɗe waya in zagaya da ita, in ce yau in muka canza ga abin da za mu samu. Muna ƙara abin da muka tara a kai. Muka koma Sinnar, a karon farko muka ga muna matsowa kusa da solar maimakon ta yi nisa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka bi ni ya fara kirana da wazirin kuɗi. Ina cewa ya bari, amma ina jin daɗi. Ma'aji kuwa in na miƙa masa wayar sai ya riƙe ta nesa da fuskarsa, ya ɗan duba, ya miƙo mini ya ce, "Madalla. Allah Shi sa mu gani da hannu."

Wata safiya bayan damina, lokacin ana shirin yankan riɗi, muka tashi babu intanet. Ba garinmu kaɗai ba, ƙasar ce gaba ɗaya, saboda abin da ke faruwa a Hartum. Kiran waya ma da ƙyar yake shiga. Ban damu ba. An taɓa yin haka, na ce kwana biyu ne. Har na yi wa abokan aikina ba'a cewa yanzu dai za su duba littattafan ɗalibai.

A rana ta huɗu famfon ya ƙone.

Makanikin da muke kira daga Mai Wurno ya zo, aka ciro famfon daga rijiya, ya duba ya girgiza kai. Ya ce wannan ba na gyara ba ne, sai sabo. Muka je Sinnar ni da ma'aji. Akwai famfon a kanti, ga shi a kwali muna kallonsa. Mai kantin ya faɗi kuɗi, ya ce kuma a hannu yake so, don shi ma bai san me gobe za ta zama ba. Abin da ke jakar ma'aji bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Abin da ke wayata kuwa zai sayi irinsa uku. Na ciro wayar na nuna masa hoton da na ɗauka na asusun kafin a yanke intanet. Ya duba, ya dube ni, ya ce cikin Larabci, "Ya ustaz, ni ma ina da hoton gidan da nake so in gina."

A hanyar dawowa ma'aji ya rungume jakarsa yana kallon hanya. Da ma ya zage ni.

Tankin ya ƙafe a kwana ɗaya. Masu amalanken jaki da ke kawo ruwa daga kogi suka ninka kuɗin ganga, sa'annan suka sake ninkawa, kuma ko kana da kuɗin ba su isa garin ba. Mata suka koma tur'a. Duk wanda ya san tur'a a ƙarshen damina ya san abin da nake nufi: ruwa ne ja mai kauri, dabbobi na sha a sama, ana wanki a ƙasa, ga gefenta laka mai santsi. Ajina ya rage rabi, don 'yan mata suna can suna ɗibar ruwa. Mahaifiyata, da ciwon gwiwarta, ta ɗauki jarka ta bi su. Na ce ta zauna ni zan je. Ta ce, "Kai je ka yi abin da za ka yi ruwa ya dawo. Ba kai ne na lajna ba?" Ba ta san komai ba a lokacin. Na riƙa ɗebo mata da asuba kafin in tafi makaranta, ina sunkuyar da kai in na haɗu da mutane.

Mutane suka fara tambaya. Kowa ya san mun fi shekara muna karɓar kuɗi. Ina suke? 'Yan lajna suna cewa ana kan hanya, ana jiran abu ɗaya. Ni kuma kullum sai in hau tudun bayan makaranta in ɗaga waya sama, ko Allah zai sa. Malamin lissafi guda, yana tsaye a rana yana nuna wa sama waya.

A rana ta tara da ƙonewar famfon unguwarzoma ta same ni a ƙofar makaranta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce yara shida ta gani da gudawa tun jiya, biyu jarirai ne, ɗaya an wuce da shi asibitin Sinnar. Ta ce ta gaji da cewa a tafasa ruwa, don gawayi ma kuɗi ne. Sa'annan ta ce, "Ustaz, ban zo kama riga ba. Na zo in ji ko akwai wata dabara."

Washegari na koma Sinnar ni kaɗai, don na ji an ce wasu ofisoshi masu intanet na kebul da ke bi ta ƙasa nasu yana aiki. Na yi yawo tun safe, ina shiga ina fita, ina gaisuwar da ban saba yi ba. Wajen azahar wani ma'aikaci da na taɓa koyar da ƙaninsa ya tausaya mini, ya shigar da ni wani ɗaki, ya ce minti goma. Na buɗe asusun. Ga su nan. Ko ƙwandala ba ta ɓace ba. In da za a lissafa da farashin ranar, sun ma fi yadda na bar su.

Sai dai kafin su zama kuɗin da mai kanti zai karɓa, dole in sami wanda zai saya ya turo mini jine ta banki, ni kuma in je in cire. Masu sayen da na saba da su duk a cikin ƙasar suke, su ma an yanke su. Na aika wa abokina na Saudiyya saƙo, ya amsa nan take, ya ce shi zai saya, amma ta ina zai turo mini? Hanyar bankin ta waya ita ma ba ta aiki. Muka yi ta juya maganar har ma'aikacin ya leƙo ya ce lokaci ya yi. Na fito na zauna a gindin wata bishiya kusa da tasha. Kuɗin gari guda suna aljihuna, amma sai da na laluba kafin na haɗa na shayi da na mota.

Da na dawo gida na tarar da mutane a ƙofar maƙwabciyarmu. Tsohuwa ce, ƙawar mahaifiyata tun suna 'yan mata, mai sayar da ƙosai da shayi a kasuwa. Ba ta da ɗa namiji a gari, 'yarta tana aure a Suki. Ta je tur'a da rana, ta cika jarka, tana hawowa santsi ya kwashe ta. Ƙashin ƙugunta ya karye. A kan gadon igiya aka ɗauko ta.

A ranar na gaya wa mahaifiyata komai. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Sa'annan ta ce, "Kuɗɗin suna nan?" Na ce suna nan. Ta ce, "Ba ka taɓa ba?" Na ce wallahi ban taɓa ba. Ta ce, "To ka hwaɗi ma mutane da bakinka, kahin su ji ga wani." Ta ɗauki mayafinta ta tafi wurin ƙawarta.

Ranar Juma'a bayan an sallame, liman ya ce kowa ya tsaya. Tun kafin a ce komai wani ya miƙe daga baya ya ce a fito da ma'aji ya faɗi inda ya kai kuɗin mutane. Na ga tsohon ya dafa ƙasa zai tashi. Na san shi, da ya tashi cewa zai yi shi ne ma'aji, laifin nasa ne, ba zai ambaci sunana ba. Wannan ne ya ɗaga ni, ba jarumta ba. Na miƙe na ce kuɗin ba sa hannunsa, suna hannuna, kuma shi tun farko bai yarda ba.

Na yi bayani. Babu allo a masallaci, sai na ga ashe maganar ba ta da tsawo. Na ce mun ga kuɗin suna lalacewa, na ba da shawara a mayar da su wani abu da ke cikin waya, an yanke intanet, ba na iya fito da su. Wuri ya ɗauki hayaniya. Wani ya ce ɓarawo. Wani ya ce a karɓe wayar a fasa a ciro su, kuma da gaske yake. Wani saurayi da na koyar ya ce ai dabarar tana da kyau, sa'a ce ba a yi ba, aka yi masa ca. Abin da ya fi tsaya mini shi ne wani manomi da ke kusa da ni, wanda bai yi ihu ba. Ya ce, "Ustaz, watanni huɗu muna gaisawa da kai kullum. Ko sau ɗaya ba ka ga ya kamata mu sani ba?"



Ma'aji ne ya kashe wutar. Ya tashi a hankali, ya ce faɗa ba ya kawo ruwa. Ya ce riɗinsa yana gona an kusa yanka, zai je wurin wani ɗan kasuwa ya sayar da shi tun yana tsaye, a haɗa da abin da ke akwati. Duk wanda ya yi noma ya san me wannan ke nufi: mai saye zai ba ka abin da ya ga dama, don ya san a matse kake. Mai kantin nan na lajnarmu ya ce zai ƙara. Wasu mutum biyu suka ƙara. Ni na sayar da babur ɗina a ranar Asabar. Ranar Litinin aka sa sabon famfo. Kwana goma sha biyar garin ya yi babu ruwa.

Da na je yi wa ma'aji godiya, na same shi yana gyaran igiyar jakinsa. Na fara magana, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ni ma ina wurin sa'ad da kac ce kar a hwaɗi ma mutane. Na ji, na yi shiru. Kai yaro na, ni mi ad dalilina?" Ya ci gaba da abin da yake yi.

Bayan kamar mako guda da haka intanet ya dawo. A cikin kwana biyu na fitar da komai. Muka ƙirga a gaban jama'a a filin makaranta, a kan tabarma, ma'aji ya ƙirga sau biyu. Aka biya duk wanda ya ba da nasa. Aka ce a cika wa ma'aji asarar riɗinsa, ya ƙi, ya karɓi daidai abin da ya bayar. Kuma ga abin da ya sa labarin nan yake da wuyar bayarwa: abin da ya rage, da aka ƙara tarin wata biyu a kai, ya sayi solar. Na zauna na yi lissafin sau da yawa. Da mun bar kuɗin a akwati, da mun sayi famfon a ranar da ya ƙone, babu wanda zai je tur'a. Amma da ba mu sayi solar ba, ba a shekarar ba, ba a ta gaba ba. Duk yaran nan sun warke, alhamdu lillahi. Har wasu da suka kira ni ɓarawo suka dawo suna cewa ai Ustaz ya yi hangen nesa.

Garin ya zauna ya kafa doka. Duk abin da za a yi da kuɗin lajna sai an faɗa a masallaci, an kuma aika wa mata ta bakin unguwarzoma, an bar mako guda. Kullum a ajiye kuɗin famfo guda a inda hannu zai kai. In kuɗi suka taru, a mayar da su kayan da ake bukata nan take, bututu ne ko siminti. Da aka zo kan kirifto aka yi ta ja, matasa suna so, aka ɗaga hannu, waɗanda ba sa so suka fi yawa. Na ajiye sakatarancin a ranar. Ba korata aka yi ba. Na dai ga ya kamata wani ya riƙe biron.

In kun tambaye ni yau ko ya dace hukuma ta juya kuɗin jama'a, ba ni da amsa guda. Na ga kuɗi suna ruɓewa a akwati, kuma wannan ma asara ce, sai dai ba ta da ƙara, babu wanda ake kira ɓarawo saboda ita. Bayan abubuwan da ƙasarmu ta shiga daga baya, mutane da yawa a cikinmu ta waya 'yan'uwa suke turo musu abin da za su ci, don haka ba zan zauna in zagi abin ba. Amma na gane cewa kuɗin mutum ɗaya da kuɗin gari ba iri ɗaya ba ne. Nawa, in na kulle su na kasa buɗewa, ni zan kwana da yunwa. Na gari kuwa ana tara su ne saboda ranar da abu zai lalace, kuma ranar ba ta sanarwa. Ni na yi lissafin faɗuwar jine daidai. Abin da ban sa a lissafin ba shi ne wa zai ɗauki jarka in na yi kuskure, kuma ban tambayi ko ɗaya daga cikinsu ba.

Maƙwabciyarmu ba ta sake tafiya da ƙafafunta sosai ba. Ta yi watanni a kwance, daga baya ta riƙa jan jiki da sanda daga ɗaki zuwa tsakar gida. Kasuwa kuwa ta bar ta ke nan. Na daɗe ina aika mata da abu ta hannun mahaifiyata, ina kauce wa shiga. Sai wata rana mahaifiyata ta ce ba za ta ƙara kai mini saƙo ba, ƙofar ba ta da nisa.

Na shiga da hantsi, na same ta a kan tabarma tana tsince wake. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, na zo neman gafara."

Ta ce, "Ta mi? Kai ka tura ni?"

Na ce ba ni na tura ta ba, amma ni na sa ta je.

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce, "Ni ban taɓa cewa ka ci kuɗɗin ba. Na san wadda ta haife ka. Amma kowace ranar kasuwa sai na ba da nawa, ko na yi ciniki ko ban yi ba. Akwai kuɗɗin ƙosaina cikin abin nan da kas sa a waya. Da ka zo ka tambaye ni."

Na ce, "Inna, da na tambaye ki, me za ki ce?"

Ta ɗaga kai ta dube ni, har da ɗan murmushi. Ta ce, "Wa ya sani? Kai malami ne, ka iya magana. Wataƙila in ce to, a sa. Da na hwaɗi ɗin ma, da na san ni na ce."

Ta tura mini tiren waken ta ce tunda na zo in taya ta, idonta ba ya gani sosai. Na zauna muka tsince shi tare har aka kira azahar.